Daga Tungar Nomau Zuwa Kaheme

Tun da na dawo daga Meziko ban zauna a majalisarmu ta bakin kasuwar Wurno an bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Wannan ya ce yaya ƙasar take, wancan ya ce wai da gaske kowa da bindiga a ƙugu, wani kuma damuwarsa ko suna da tuwo. Da niyyata in ba da labarin a rediyo, kashi huɗu, cikin shirin manoma da na daɗe ina gabatarwa. Kashi ɗaya kawai ya fita aka tsayar da shirin. To ga shi a rubuce. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Dole in fara daga gida, don wanda bai san abin da na baro ba, ba zai gane abin da na gani ba.

Ni mutumin Tungar Nomau ne, ɗan ƙauye tsakanin Wurno da Rabah. Nomau kakan mahaifina ne. Shi ya sare dajin wurin, ya haƙa rijiyar da har yau ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma bai taɓa hana makiyayi shayarwa ba. Shekara uku da suka wuce, Alhaji Labbo, ɗan garin da Allah ya buɗa wa a fataucin albasa, ya haƙa mana burtsatse mai aiki da hasken rana, ya gina aji biyu. Ban raina ba, mata sun huta da jan guga. Amma ranar buɗe famfon sai aka yaye ƙyalle daga kan wani allo a bakin hanya, aka ga an rubuta Birnin Labbo. Birni, garin da in jaki ya yi kuka a gabas ana jin sa a yamma.

Alhaji Labbo ne ke ɗaukar nauyin shirina. Babu wanda ya kira ni ya ba ni umarni, wannan ba zan ɓoye ba. Ni da kaina na fara yi wa mutane gyara. Wanda ya aiko gaisuwa daga Tungar Nomau sai in karanta Birnin Labbo, ina gaya wa kaina cewa aikin mai labarai shi ne ya faɗi sunan da hukuma ta amince da shi. Haka har ranar da Baba Sidi ya rasu, ƙanen mahaifina, mutumin da ya ƙi taka wurin bikin allon. Aka kawo sanarwar rasuwa, na karanta: Malam Sidi na Birnin Labbo.

Gwaggo Ige, yayarsa, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Da na je ta amsa gaisuwata kamar ta baƙo. Na zauna ina jiran ruwa, don a ɗakinta ba a taɓa barin mutum ya buɗe baki kafin a miƙo masa moɗa ba. Ruwa bai zo ba.

"Bello," ta ce, "ka bizne min ƙanena garin da bai taɓa kwana ba. 'Yan'uwanmu na Maikujera sun ji sanarwa, sunka ce Allah shi jiƙan Musulmi, sunka ci gaba da aikinsu. Ba su san nasu na ba. Sai bayan kwana ukku sunka zaka."

"Gwaggo, sunan da ag ga takardar hukuma ke nan."

"To tahi hukuma ta ba ka ruwa."

Shekara biyu ina zuwa gaishe ta, ina tashi da ƙishina. Ta haura tamanin, idonta ya fara dushewa, kuma na san lokacin da ya rage mana ba mai yawa ba ne. A haka takardar tafiya ta same ni.

Wata cibiyar binciken alkama ce ta gayyaci manoman rani daga ƙasashe daban-daban su je su ga gonakin gwajinta. Daga yankinmu aka ɗauki Malam Sahabi, dattijon da ke noman alkama a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Goronyo. Ni na bi shi ne in yi masa tafinta, in kuma kawo rahoto. Kujerata Alhaji Labbo ya biya, sakatarensa kuma ya rubuta takardar shaida cewa ni haifaffe ne kuma mazaunin Birnin Labbo. Na karanta ta, na ninke na sa a jaka.

Mun tashi ana goma ga azumi. Daga Sakkwato zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Istambul, sannan muka shiga jirgin da ya kwashe wajen awa goma sha huɗu bai sauka ba. A hanya mun ajiye azumi kamar yadda aka sauƙaƙe wa matafiyi. Malam Sahabi bai kalli fim ko ɗaya ba. Taswirar da ke kan ɗan allon gabansa ya zuba wa ido, yana kallon jirgi na rarrafe a kan shuɗin teku.

"Malam Bello, duk wanga ruwa na?"

"Ruwa na, Malam."

"Kuma babu mai noman rani ko guda?"

"Na gishiri na."

Ya sake duban allon ya ce, "Asara."

A filin jirgin babban birninsu muka fara ganin iyakarmu. Wani kare mai riga ya zo ya sunsuna jakar Malam Sahabi ya zauna a gabanta. Aka buɗe, aka fito da kilishin da iyalinsa suka naɗe masa a takardar siminti. Dokarsu ta hana shiga da nama, kuma an rubuta a takardar da muka cike, ni ne ban fassara masa wurin ba. Aka jefa kilishin cikin wani kwando.

"Ƙasar da kare ka yanke hukunci," in ji shi, "mutum na sa hannu."

Ina cikin yi masa dariya nawa ya zo. Jami'ar shige da fice ta ajiye fasfona gefe guda, takardar sakataren Alhaji gefe guda. Fasfo ya ce an haife ni a Tungar Nomau. Takarda ta ce Birnin Labbo. Ta tambaye ni cikin Turanci mai sauƙi wanne ne garinmu.

Na ce gari ɗaya ne.

Ta duba taswira a kwamfutarta. Ta sami Tungar Nomau, ɗigo ɗaya kusa da kogi. Birnin Labbo kuwa babu shi. Ta ce an tashi garin ne aka koma wani wuri? Na ce a'a. Ta ce to me ya sami sunan farko?

Na ce, "An haƙa mana famfo."

Ban taɓa jin yadda maganar take ba sai da na faɗe ta da wani harshe ga wadda ba ta san Alhaji ba. Ta dube ni tana jiran sauran bayanin. Babu sauran bayani.

Awa uku muka yi a wani ɗaki ana neman mutanen cibiyar ta waya. Jirginmu na gaba ya tashi ya bar mu. Matar ba ta ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya, har kofi ta sa aka kawo mana. Na fara da jin haushinta, na ga ba ta da laifi. Na koma kan sakatare, na tuna abin da aka sa shi ya rubuta. Malam Sahabi na gefe yana jan carbi, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ni dai kilishi anka kama min. Kai garinku anka kama."

Washegari muka ƙarasa. Awa biyu da 'yan kai a jirgi zuwa arewa maso yamma, jihar Sonora, garin da suke kira Siyudad Obregon, wato Birnin Obregon. Shimfiɗe yake kamar faifai, titunansa miƙaƙƙu kamar an ja su da igiyar magina. Direban cibiyar ya tarbe mu, Anselmo, mai kimanin shekara sittin, baƙi-baƙi, da malafa mai faɗi. Ya koyi Turanci ne a gonakin Amurka. Mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Yaki ce, masu asalin wurin, waɗanda ke kiran kansu Yo'eme, wato mutane.

Masaukinmu tsaf yake, amma a banɗaki babu buta, babu ma alamar an taɓa jin labarinta. Nan butar robar da Malam Sahabi ya ɗauro a jakarsa tun daga Goronyo, wadda na yi ta yi masa tsiya a kanta a filayen jirgi uku, ta zama sarauniya. Duk sanda na ƙwanƙwasa masa ƙofa sai ya ce, "Wa na? A'a, ɗan boko. Mi kaka biɗa?" Sai na faɗa da bakina kafin ya miƙo.

Muka koma azumi. Babu masallaci, babu kiran salla, waya ce limaminmu kuma ita ce ladan. Abinci kuwa ya ba mu wuya. Suna da wata gurasar alkama falele, faɗin faifai, mai laushi. Mun ci ta ranar farko da wake muna sa albarka. Rana ta biyu na tambayi matar da ke kula da masaukin abin da ke sa ta laushi haka. Ta nuna mini gwangwani mai hoton alade. Na ce waken fa? Ta sake nuna gwangwanin.

Malam Sahabi ya ajiye cokali. "Wake kuma? Wake bawan Allah, mi yay yi musu?"

Matar ta ji kunya ƙwarai, ko da yake mu ne ba mu tambaya ba. Daga ranar ta ware mana tukunya, tana yi da man gyaɗa, tana kuma ajiye mana ƙwai da ayaba don sahur. Abin da ya ƙara ceton mu shi ne su ma suna cikin nasu azumin na kwana arba'in, kifi ya cika gari. A mahaɗar tituna kuma za ka ga maza sanye da fuskokin fatar akuya, da wasu abubuwa masu kacau-kacau ɗaure a ƙafa, suna rawa ana kaɗa musu ƙaramar ganga, masu mota na jefa musu tsaba. Malam Sahabi ya ce tashe ne. Anselmo ya ce alwashi ne suke cikawa, kuma duk wanda ya sa fuskar ba ya magana. Malam Sahabi ya ce in haka ne ya san mutane da dama a Goronyo da ya kamata a saya wa.

Gonakin gwaji sun burge mu, ba zan rage musu ba. Alkama iri-iri a jere, kowane layi da lambarsa, ƙasa a daidaice ta yadda ruwa ke tafiya da kansa babu mai bin sa da fartanya. Malam Sahabi ya murza ƙasar a hannu ya ce fadamarmu ta fi ta, amma ya daɗe tsaye a bakin magudanar siminti, wadda babu tsaga ko ɗaya a jikinta. Sai dai a wajen cibiyar fili ne fetal ba a shuka ba. Shekarar ruwa ya yi ƙasa sosai a madatsarsu, aka hana yawancin manoma shuka.

A rana ta uku, da azahar, rana na dukan mu a tsakiyar gona, Anselmo ya miƙo mini gorar ruwan sanyi. Na ce na gode. Can ya sake miƙowa. Na ce ina azumi. Ya ce ai shi ma yana yi, nama kawai ya bari. Na ce namu har ruwa, daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Ya tura malafarsa baya ya dube mu, sannan ya yi dariya ya ce, "Kaheme."

Na riga na ga kalmar. Suna rubuta ta Cajeme. Tana jikin motocin 'yan sanda, da motar kwasar shara, da ginin ƙaramar hukuma, har da murfin kwalbati. Na ɗauka sunan wani kamfani ne. Na tambaye shi.

Ya ce, "Da harshen mahaifiyata, wanda ba ya shan ruwa. Sunan garin nan ke nan kafin a sake shi. Ranar Lahadi ba ku da aiki, zan kai ku ku gani."

Ranar Lahadi ya fara kai mu madatsar ruwa. Ita ma suna biyu gare ta, na allo da na baki. Daga nan muka gangara ƙauyen mahaifiyarsa a bakin kogin Yaki. Na ce kogi ne don haka suka ce. Abin da na gani rairayi ne da 'yan kududdufai, irin gulbinmu a ƙarshen bazara, sai dai nasu haka yake kusan kullum. Ruwan ya tafi gonakin manya, wani kuma an ja shi ta bututu zuwa babban birnin jihar. Tsohuwar na zaune a ƙarƙashin rumfar kara, ƙanƙanuwa, da gyale a kai. Ta sa aka kawo ruwa tun kafin mu zauna. Anselmo ya yi mata bayani, ta gyaɗa kai, amma ta ce a bar kofunan a gabanmu, baƙo ba ya zama babu ruwa kusa da shi. Na kawar da kaina.

A nan ya ba mu labarin, ina juya wa Malam Sahabi da Hausa.

Kaheme laƙabin wani shugabansu ne, wai saboda yakan yini yana tafiya a daji bai nemi ruwa ba. Anselmo bai wanke shi ba. Ya ce da farko sojan gwamnati ne, har ya yaƙi 'yan'uwansa, gwamnati ta ji daɗinsa ta naɗa shi shugabansu don ya lallashe su su saki ƙasar. Da ya zauna cikinsu sai ya juya, ya ce ƙasa da kogi nasu ne. Ya yi shekaru yana tare sojoji, daga baya aka kama shi aka harbe. Aka kwashi mutanensa da yawa aka kai su gonaki masu nisa aikin dole. Aka yanka ƙasar murabba'i-murabba'i aka sayar. Da layin dogo ya zo, aka kafa 'yar tasha a fili, aka sa mata sunansa.

"Ka gane?" in ji Anselmo. "Sun kashe shi, sun ɗauki ƙasar, suka bar mana suna a jikin tasha. Muka ce to, ko ba komai."

Tasha ta zama gari. Sai ga wani janar ɗan jihar, wanda Yo'eme da yawa suka yi yaƙi a ƙarƙashinsa bisa fatan za a mayar musu da ƙasarsu. Ya zama shugaban ƙasa, ya sauka, ya kafa babbar gona kusa da garin. Ƙasa ba ta dawo ba. Da suka sake tayarwa, har jiragen sama aka turo musu. A shekarar da aka kashe janar ɗin, kusan shekara ɗari ke nan, aka cire Kaheme daga kan garin aka sa nasa sunan, Obregon. Ƙaramar hukuma kawai aka bar wa tsohon suna.

Raina ya ɓaci ina fassara. A kashe mutum, a ƙwace gonarsa, a tare masa kogi, sannan ɗan sunan da aka jefa wa jikokinsa kamar sadaka shi ma a dawo a karɓe. Na ce wa Anselmo wannan ya wuce zalunci, rashin kunya ne. Na ce yaya mutane suka yarda?

Ya tambayi tsohuwar. Ta yi magana a hankali, ya juya mini.

"Ta ce ita ba ta yarda ba. Har yau in za ta kasuwa Kaheme take cewa, kuma babu direban da ya taɓa kai ta wani wuri. Ta ce soja ba ya iya shiga bakin mutum. Waɗanda suka gama da sunan su ne mai sayar da tikiti, da malamin makaranta, da mutumin rediyo da ke tashin mutane kowace safiya yana gaya musu inda suke. Jikokinta a wurinsu suka koya."

Na juya wa Malam Sahabi. Na ce mai sayar da tikiti da malamin makaranta. Na tsaya.

Ya dube ni. "Na ji ya ce rediyo."

"Haka na."

"To mi yac ce ga rediyo? Ni ban jin Turanci, amma rediyo ko da Sinanci rediyo ta."

Na faɗa masa. Bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya ɗauki kofin ruwan da ke gabansa ya matsar da shi inuwa, ya ce, "Tsohuwar ga ta yi kama da wata da nis sani."

Don kada in zo da rabin labari, washegari na tambayi wani ma'aikacin cibiyar, haifaffen garin. Ya ce Anselmo bai yi ƙarya ba, amma in tuna wurin tasha ce kawai da 'yan rumfuna. Janar ɗin da irinsa ne suka kawo magudanai da injuna da kasuwa, ba don su ba da babu birnin da za a yi gardamar sunansa. Ya ce mutumin da ya kawo ruwa bai cancanci a tuna da shi ba? Na san wannan magana. Na sha faɗin ta, kusan kalma da kalma, a kan burtsatse. Na ce masa ya cancanta, a sa sunansa a jikin abin da ya gina. Garin ai ya tarar da shi da suna. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai in aka tambaye shi a wani wuri yakan ce shi ɗan Kaheme ne, ya fi daɗin faɗa.

Ranar da za mu taho Anselmo ya ba Malam Sahabi busasshen nama irin nasu a madadin kilishinsa. Malam Sahabi ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, a filin jirgi ya ba wani mai shara, ya ce ba zai sake tsayawa gaban kare ba, balle naman da bai san wanda ya yanka ba.

Mun iso gida ana saura kwana uku salla. Ranar salla na je gaida Gwaggo, na kai mata gyale irin na tsohuwar can. Ta shafa shi ta ce yana da kauri, Allah shi yi albarka. Ta tambayi hanya, ta tambayi iyali. Randa na bayanta a rufe da faifai. Na yi awa guda na tashi.

Mako na zagayowa shugaban sashenmu ya kira ni. Ya ce Alhaji zai saurari kashi na farko tare da baƙi, in tabbata na gode masa, in kuma ambaci Birnin Labbo yadda ya kamata. Na ce zan gode masa.

Na kuwa gode masa, da sunansa, sau uku, a kan kujerar jirgi da famfo da azuzuwa, don duk gaskiya ne. Na ba da labarin alkama da magudanai. Na ba da labarin Kaheme kamar yadda na rubuta shi a nan. Da ya rage minti biyu, na yi abin da aka koya mana tun muna sababbi, cewa in ka yi kuskure a iska, a iska za ka gyara shi. Na ce:

"Masu sauraro, akwai gyara. Shekara biyu da suka wuce na sanar da rasuwar Malam Sidi, na ce mutumin Birnin Labbo ne. Kuskure ne, kuma nawa ne. Malam Sidi jikan Nomau ne. A Tungar Nomau aka haife shi, a nan ya yi noma, a nan aka binne shi. Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya aiko gaisuwa daga Tungar Nomau na sake masa gari, ya yafe mini."

Ban kai bakin ƙofar tasha ba wayata ta yi ƙara.

"Bello, ni nik kai ka ƙasar Turawa, kai kuma ka dawo ka kai ni kasuwa?"

"Alhaji, ban hwaɗi abin da ba ka yi ba. Alherinka duk na lissafa."

"Ruwan da kuka sha garin nan, Nomau na ka tura injin?"

"Rana ta, Alhaji."

Ya kashe wayar. Bai kamata in faɗi wannan ba, na sani, dattijo ne kuma ya yi mini alheri. Amma da ya ce a sa wa famfon Burtsatsen Labbo, da ni zan fara karanta shi kowace safiya. Shi gari yake so, da matattunsa.

Kafin mako ya ƙare ya janye tallafinsa. Aka tsayar da shirin har sai an sami wani mai ɗaukar nauyi, ni kuma aka mayar da ni ɗakin ajiye tsofaffin kaset. Wasu abokan aikina sun ce na yi wauta, na rushe shirin da manoma ke amfana da shi saboda sunan mutumin da ya daɗe da zama ƙasa. Ba su yi ƙarya duka ba. Malam Sahabi ya bugo ya ce yanzu wa zai gaya wa mutane abin da ya gano na alkama? Na yi masa alkawarin in bi shi ƙauye-ƙauye ranakun kasuwa, shi ya yi bayani ni in riƙe lasifika. Allon kuma yana nan a bakin hanya, har an sake masa fenti.

Ranar Juma'a na hau babur na tafi Tunga. Gwaggo na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake da lalube, ƙaramar rediyonta a gefe. Na yi sallama, na tsuguna, na gaishe ta. Ta amsa. Ta ci gaba da tsintar wakenta har na fara tunanin ko ba ta ji shirin ba.

"Sauran mutanen Maikujera sun zaka shekaranjiya," ta ce. "Wai sun zo ta'aziyyar Sidi. Nic ce musu kun makara da shekara biyu. Sunka ce yanzu anka sanar."

Ta ɗebo wani waken, ta ci gaba.

"An ce sun amshe maka aiki."

"Shirin dai anka tsai da, Gwaggo."

"Ƙasar ga da kat tahi, kwana nawa ta?"

"Kwana biyu cikin jirgi."

"Kwana biyu cikin jirgi," ta maimaita. "Sai da kaƙ ƙetare teku kaj jiyo sunan garinku ga bakin wata tsohuwa. Ni da nika nan, babur ɗai ka kawo ka."

"Ki yahe min."

Ta zuba waken a ƙwarya, ta karkaɗe zaninta. Na ga ba ta da niyyar tashi, ba ta kuma kira kowa ba. Na fara haɗa takalmana.

"Ina za ka da ranag ga?" ta ce. "Baƙo aka kawo ma ruwa. Randa na nan inda kab bar ta. In ka sha ka ɗebo min."